Tseren keke: Dalilin da ya sa na unguwa ke da araha, na hukuma ke da tsada

A watan Agustan 2024, ana tsaka da gasar Olamfik a birnin Paris na ƙasar Faransa, labari ya karaɗe Najeriya cewa 'yar tseren keke Ese Ukpeseraye ta shiga fili da keken aro. Ita ce ta farko da ta wakilci ƙasar nan a tseren keke a tarihin gasar, kuma ta tafi ne da shirin tseren titi. Da aka ba ta gurbi a ƙurarren lokaci a tseren da ake yi cikin zagayayyen fili, sai ya zamana ba ta da irin keken da aka amince a hau a wurin, har sai da tawagar Jamus ta ara mata ɗaya daga cikin nata.

Jama'a sun yi ta tofa albarkacin bakinsu, wasu suna ganin abin kunya ne ga ƙasa. To amma a unguwa irin Darmanawa da ke Ƙaramar Hukumar Tarauni a Kano, keken aro ba baƙon abu ba ne. Yaro yakan fara gwada gudunsa ne a kan keken haya, ko na yayansa, ko na mahaifinsa da aka jingine a soro. Tsakanin wannan yaro da matakin da Ese ta taka akwai tazara mai nisa, kuma mafi yawanta ta kuɗi ce. Tseren unguwa yana da araha saboda ba a biyan kuɗin haɗarinsa sai bayan ya auku. Tseren da hukuma ta sa wa hannu yana da tsada saboda ana biyan wannan kuɗi tun kafin a tashi.

Wasan da ba shi da ƙofa

Abu na farko da ya bambanta tseren keke da wasannin da Kanawa suka saba da su shi ne ba shi da ƙofa. Mai son kallon Kano Pillars a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sai ya yanki tikiti. Mai son kallon dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari sai ya biya a bakin ƙofa, kuma daga abin da aka tara ake sallamar 'yan wasa da makaɗa. Tseren keke kuwa a kan titin kowa ake yin sa. Mai kallo yana tsaye a ƙofar shagonsa masu tsere za su wuce, ya yi tafi, ya koma bakin cinikinsa bai fitar da ko kwabo ba.

Haka abin yake ko a ƙasashen da wasan ya bunƙasa. Gasar Tour de France, wadda ta fi kowace shahara a duniya, wata jarida ce mai suna L'Auto ta ƙirƙiro ta a 1903 domin ta ƙara yawan masu sayenta. Har yau 'yan kallonta na bakin titi ba sa biya. Kuɗin yana fitowa ne daga gidajen talbijin, da kamfanonin da ke tallata hajarsu, da garuruwan da ke biya domin a fara zango ko a ƙare shi a cikinsu.

Tseren da ba na ƙwararru ba, wanda babu talbijin a kansa, hanya uku kawai ta rage masa: aljihun masu tseren, ko mai ɗaukar nauyi, ko gwamnati. Yadda aka raba kaya tsakanin waɗannan uku shi ne bambancin gasar unguwa da ta hukuma.

Lissafin tseren unguwa

Matasan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku sun san tsarin karo-karo daga gasar ƙwallon unguwa, kuma shi ne tsarin da tseren keke na sa-kai yake bi a ko'ina. A ɗauka, a matsayin misali, matasa 20 sun zuba naira 1,000 kowannensu. An tara naira 20,000 ke nan. A ba na ɗaya 10,000, na biyu 5,000, na uku 3,000, a sayi ruwan leda da 2,000 da suka rage. Lissafi ya rufe, ba riba ba bashi.

Duk sauran abubuwan kyauta ne. Alƙali wani babban yaya ne da kowa ke jin nauyinsa. Layin ƙarshe da ƙafa ake ja a ƙasa. Sanarwa ta WhatsApp ce ko ta majalisar mai shayi. Wanda ke da babur ya shige gaba yana danna ham domin a ba da hanya. Idan aka yi sa'a wani ɗan kasuwa ko kansila ya sayo kofi, to gasa ta ƙayatu.

Wannan tsari yana da alfanun da bai kamata a raina ba. Kowane irin keke yana iya shiga, daga Phoenix na ɗaukar kaya har na gwanjo mai giya. Ɗan abin da aka kashe a unguwar yake tsayawa: mai gyaran keke ya ɗaure birki ya yi faci, mai haya ya karɓi kuɗin awa, mai shayi ya yi ciniki. Ga shi kuma ana iya maimaitawa duk mako ba tare da jiran kasafin kuɗin kowa ba, alhali yawan tsere shi ke gina ɗan tsere.

Kuɗin da ba a rubutawa

Sai dai akwai kuɗin da ba ya shiga wancan lissafi na naira 20,000. Babu wanda ya rufe titi. Manyan hanyoyin da suka ratsa yankin, irin titin Zariya da titin Maiduguri, cike suke da tireloli da motocin haya, ga Adaidaita Sahu da suka ƙaru tun bayan hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013. A cikin lunguna kuwa akwai ƙananan yara da awaki da masu talla. Mai tsere ya sunkuyar da kai yana neman cin na gabansa, birkinsa na roba ne da ya sha aiki, kansa babu hular kwano.

Ranar da aka faɗi, kuɗin yakan bayyana gaba ɗaya. Karaya ɗaya, ko an nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kusa, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko wurin mai ɗori, tana iya cinye ninkin abin da aka tara a gasar sau da yawa. Masu shirya tseren ba su da asusun da za su biya. Nauyin yana komawa kan mahaifin yaron. Idan kuwa ɗan wani aka buge, ko aka kifar da kayan mai talla, sai magana ta kai gaban mai unguwa, a shiga neman sulhu tsakanin maƙwabta.

Akwai asara ta biyu da ba a gani da ido. Wanda ya ci tsere goma a unguwa ba shi da wata shaida da zai nuna. Ba a auna nisan hanyar ba, ba a rubuta lokacinsa ba, ba a tantance shekarunsa ba. Kocin jiha ba zai iya kwatanta shi da na wata unguwa ba, balle na wata jiha.

Akwai kuma jarrabar caca. Duk inda ake gasa babu mai ɗaukar nauyi, akan samu masu son sa kuɗi a kan wanda zai ci. A Japan da wannan hanya aka gina tseren da ake kira keirin tun 1948, wanda yana cikin waɗanda Ese ta fafata a Paris. A Kano hanya ce da addini da doka suka toshe, kuma duk gasar da ta bi ta nan za ta rasa amincewar iyaye.

Abin da ake saye da sa hannun hukuma

Tseren hukuma yana da tsani. A sama akwai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, mai hedikwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan. A ƙarƙashinta akwai hukumar tseren keke ta Najeriya, CFN, sannan ƙungiyoyin jihohi da ke aiki da hukumomin wasanni na jihohinsu. Ɗan tsere yana karɓar lasisi ne daga hukumar ƙasarsa, kuma duk shekara ake sabunta shi.

Mai shirya gasa a wannan tsari yana da jerin abubuwan da zai tanada kafin a busa usur. Zai nemi izinin amfani da titi, ya samu 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, a Kano kuma har da 'yan KAROTA, su tsare mahaɗun hanya. Zai ajiye motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatanta. Zai kawo alƙalan da suka samu horo, da masu ɗaukar lokaci, da lambobin da ake maƙala wa 'yan tsere. Zai yi tanadin inshora da kyaututtuka. Idan gasar ta ƙasa da ƙasa ce, akwai masauki da abincin baƙi da gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari.

Yawancin waɗannan dokoki darasi ne da aka koya da jini. Hular kwano ba ta zama dole ga ƙwararrun 'yan tseren titi ba sai a 2003, bayan da ɗan ƙasar Kazakistan, Andrei Kivilev, ya faɗi a gasar Paris zuwa Nice a watan Maris na shekarar, ya rasu sakamakon rauni a ka.

Matsalar waɗannan kuɗaɗe ita ce ba sa raguwa don masu tsere sun yi kaɗan. Motar asibiti ɗaya ce ko mutum 40 ne suka fito ko 400. A ɗauka shirya gasa ya ci naira miliyan 1. Idan mutum 400 suka raba, kowa zai biya 2,500. Idan 40 ne, kowa zai biya 25,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024. A ƙasashen Turai yawan masu lasisi ne ke sa kuɗin shiga ya yi sauƙi. A inda masu lasisi suke 'yan tsiraru, tsada tana korar mutane, ƙarancin mutane kuma yana ƙara tsada.

Abin da ɗan tsere ke samu a madadin kuɗinsa shi ne kariya da suna. Sakamakonsa yana shiga kundi, ana iya zaɓarsa ya wakilci jiha, daga nan ƙasa. Ta wannan tsani Ese ta bi har ta lashe tseren titi na mata a gasar Afirka da aka yi a Accra a 2023.

Farashin keken kansa

Kano gari ne na keke tun da daɗewa, har kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'anta a cikinta. Amma keken da aka sani a gari na aiki ne, mai nauyi da juriya, wanda aka yi domin ya ɗauki buhu ya kai kasuwa. Keken tsere wani abu ne daban. Ana ƙera shi da rashin nauyi, har sai da UCI ta sa doka cewa kada ya gaza kilo 6.8.

Irin wannan keke daga waje ake shigo da shi, saboda haka dala ce ke yanke farashinsa. Kafin sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Sabon keken tsere na masu farawa yakan kai wajen dala 1,000, wato naira miliyan 1.5 a wancan canji, kimanin albashin wata 21 na ƙaramin ma'aikaci a Kano. Na manyan ƙwararru yakan wuce dala 10,000. Shi ya sa mafi yawan masu sha'awa suke komawa ga na hannu.

Sayen keke ma somin-taɓi ne. Taya da sarƙa da birki suna cinyewa, kuma nasa ba irin waɗanda ke rataye a rumfar kowane mai gyara ba ne. Ga takalmi da hula da riga. Ga abinci, domin wanda ya yi awa uku yana taka feda ba zai wuni a kan koko da ƙosai ba. Ga lokaci, wanda shi ne mafi tsada ga matashin da ke koyon sana'a ko tsaron shagon maigidansa, tunda duk awar da ya ba atisaye ya ɗebe ta ne daga neman abinci.

Sai kuma tafiya. Zagayayyen filin tseren keke da ƙasar nan ke alfahari da shi yana cikin filin wasa na Moshood Abiola a Abuja. An gina shi ne domin wasannin Afirka na 2003, kuma a nan aka yi gasar Afirka ta tseren fili a 2022. Daga Kano zuwa can ya haura kilomita 400. Ɗan Darmanawa da ke son koyon wannan fanni sai ya tanadi kuɗin mota da na kwana kafin ya taka feda sau ɗaya.

Wa ke biya a Najeriya?

Tunda aljihun 'yan tsere ba zai iya ba, kamfanoni kuma sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa inda idanu suke, sai nauyin ya faɗa kan gwamnati. Babbar kasuwar ɗan tseren keke a Najeriya ita ce Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. An yi na baya-bayan nan a Benin a 2021, da Asaba a 2022, da Abeokuta a 2025. Jihohi sukan buɗe sansanin horo idan bikin ya ƙarato, su kuma ba da tukwici ga wanda ya ciyo lamba.

Wannan tsari yana da illa biyu. Ta farko, kuɗin yana zuwa ne kamar ruwan bazara, a samu lokacin biki, a yi dogon jira bayansa, alhali jikin ɗan tsere yana buƙatar gasa a kai a kai. Ta biyu, ƙwararru sukan koma jihar da ta fi sakin hannu, don haka jihar da ta raini yaro ba lallai ba ne ta ci moriyarsa. A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta rushe Ma'aikatar Wasanni ta mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, da burin jawo 'yan kasuwa cikin harkar. Sai dai ɗan kasuwa yana bin taron jama'a ne, taron kuma a unguwanni yake.

Yadda wasu suka haɗa biyun

Ruwanda ta nuna cewa ana iya gina tsani daga ƙasa. A can keke abin haya ne da dako, kuma daga cikin matasan da suka saba hawa tsaunuka da kaya aka samu wasu daga 'yan tseren ƙasar. An kafa tawagar ƙasa a 2007, gasar Tour du Rwanda ta shiga jadawalin UCI a 2009, sannan a watan Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren titi ta duniya, karo na farko a Afirka. Iritiriya, inda ake yawan gasa a titunan Asmara, ita ta fitar da Biniam Girmay, wanda ya ci zango uku a Tour de France ta 2024. A yammacin Afirka ma, Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987.

A Amurka kuwa masu sha'awa ne suka gaji da tsadar rufe kwalta suka koma hanyoyin burji na karkara, inda motoci ba su da yawa. Gasar da yanzu ake kira Unbound Gravel ta fara ne a garin Emporia na Jihar Kansas a 2006 da mutum 34. Da ta bunƙasa zuwa dubbai, wani kamfani ya saye ta a 2018, a 2022 kuma UCI da kanta ta fara gasar duniya ta tseren burji. Jama'a ne suka fara taruwa, kuɗi da hukuma suka biyo baya.

Matakin tsakiya

Abin da unguwa irin Darmanawa ke buƙata shi ne mataki tsakanin waɗannan biyu, wanda ya fi na yanzu kariya, bai kuma kai na hukuma tsada ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa sun koma wa keke, don haka yawan da ake buƙata domin a raba kuɗin gasa ya fi samuwa a yanzu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar dogon titi a koma gajeren zagaye. Tseren kilomita 60 a kan hanya yana buƙatar jami'ai a kowace mahaɗa. Zagayen kilomita 1 a harabar makaranta ko wani fili mai katanga, wanda za a maimaita sau 30, mutane kaɗan ne za su tsare shi, mai agajin gaggawa guda yana ganin ko'ina. Wuri mai katanga kuma yana da ƙofa, wato ana iya karɓar ɗan abin shiga a kuma ba masu abinci hayar wuri, abin da tseren titi ba ya iyawa.

Ana iya ware rukunin kekunan gida, yadda ƙarfin ƙafa zai yi hukunci maimakon ƙarfin aljihu. Ƙungiyar matasa tana iya sayen hulunan kwano goma da keken tsere biyu na hannu, a riƙa karɓa-karɓa. Hukumomin tseren keke na Birtaniya da Amurka suna ba da lasisin kwana ɗaya ga mai son gwadawa, kuma babu abin da zai hana ƙungiyar jiha ta yi koyi. Daga kuɗin shiga a riƙa cire wani kaso zuwa asusun jinya, ko a nemi tsarin takaful na rukuni ga masu ƙyamar inshorar da aka saba. Sannan a auna hanya, a ɗauki lokaci da agogon waya, a rubuta suna da shekaru, a miƙa wa ƙungiyar jiha duk wata.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar miliyoyi. Suna buƙatar izinin shugaban makaranta, da amincewar mai unguwa da iyaye, da jami'in wasanni guda da zai riƙa karɓar takardar sakamako yana dubawa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Keken Jamus ya fitar da Najeriya kunya na 'yan kwanaki a Paris, amma wanda zai gaji Ese yana iya kasancewa yanzu haka a wani lungu na Tarauni yana biyan kuɗin awa, kuma har yau babu wanda ya rubuta lokacinsa.